Macijin da ke tambarin asibiti: daga ina ya fito, kuma me yake nufi?

Tambaya: "Assalamu alaikum, Likita. Ni ɗaliba ce a makarantar koyon aikin jinya. A jikin motar ɗaukar marasa lafiya ina ganin maciji ɗaya ya nannaɗe sanda, a bajon wasu ma'aikata kuma macizai biyu ne da fukafukai, a kantin magani kuwa maciji ne yake leƙa cikin kofi. Kawuna ya ce alamar tsafi ce, wani malaminmu ya ce sandar Annabi Musa ce, wata ƙawata kuma ta ce ba maciji ba ne, kurkunu ne. Don Allah wanne ne gaskiya? Kuma me ya haɗa dabbar da take kashe mutane da wurin da ake neman lafiya?"

Amsa: Wa alaikumus salam, Malama. In na fahimce ki, kina son sanin asalin alamar, da dalilin da ya sa siffarta take bambanta daga wuri zuwa wuri, da kuma ko akwai abin da ya kamata ya dami mai imani a cikinta. Duk shekarar da na koyar da tarihin likitanci sai ɗalibai sun yi mini wannan tambayar, kuma abin da nake fara gaya musu shi ne alamomin nan uku duk daga tsohuwar ƙasar Girka suka fito, amma ba abu ɗaya ba ne. Sanda mai maciji ɗaya ta Asklepiyos ce, wanda Girkawa suka ɗauka a matsayin abin bautarsu na warkarwa. Kofin da maciji yake sha daga ciki na 'yarsa ne, Higiya, wadda suka danganta wa tsabta da kiyaye lafiya. Sanda mai macizai biyu da fukafukai kuwa ta Harmis ce, ɗan aiken allolinsu, kuma asalinta babu ruwanta da magani ko kaɗan.

Yadda Girkawa suka ɗauki maciji

Kada a zaci Girkawa ba sa tsoron maciji. Akwai macizai masu dafi a ƙasarsu, kuma tatsuniyoyinsu cike suke da munanan macizai: abin bautarsu Apolo ya kashe ƙaton macijin nan Piton kafin ya mallaki Delfi, Herakilis ya shaƙe macizai biyu tun yana jariri sannan ya yi fama da Hidira mai kawuna da yawa, Medusa kuma gashin kanta macizai ne, wanda ya dube ta ya zama dutse. Kadmos ya kashe macijin da yake tsare wani marmaro kafin ya kafa birnin Tibis, labarin da duk wanda ya san na Bayajidda da rijiyar Kusugu zai ji ya yi masa kama, ko da yake kama kawai ce, ba ta nuna wani ya aro daga wani. A sassaƙa ma haka abin yake. Shahararren mutum-mutumin Lawokon da 'ya'yansa biyu, wanda aka tono a birnin Rum a 1506, yana nuna macizai sun kanannaɗe su suna ta fafutukar kuɓuta.

Sai dai maciji yana da wata fuskar a wurinsu, kuma ita ce ta shafe mu. Daga rami yake fitowa ya koma rami, ƙasa kuwa ita ce mazaunin matattu, ita ce kuma take fitar da marmaro da tsirran magani. Saboda haka suka ɗauke shi a matsayin mai shige da fice tsakanin rayayyu da matattu, mai tsaron gida da rumbu, wanda ya san sirrin da mutum bai sani ba. Masanin tarihi Herodotus ya ruwaito cewa mutanen Atina suna cewa akwai wani babban maciji da yake tsaron tsaunin birninsu, kuma duk wata sai an ajiye masa waina mai zuma. A shekara ta 480 kafin Miladiyya, da rundunar Farisa ta doso, sai aka wayi gari wainar tana nan ba a taɓa ta ba, mutane suka ɗauka uwargijiyarsu Atena ta bar garin, su ma suka ƙara azamar kwashe iyalansu suka fice. Al'ummar da rashin cin wainar maciji zai ƙarfafa mata gwiwar barin birninta, ba ƙaramin matsayi ta ba wannan dabba ba.

Akwai kuma labarin Gilaukos, ɗan sarki Minos na tsibirin Karita, wanda ya faɗa cikin tulun zuma ya mutu. Aka kulle wani boka tare da gawar, aka ce sai ya tashe shi. Yana zaune sai ga maciji ya nufo gawar, ya kashe shi. Can sai wani macijin ya zo ya ga ɗan'uwansa a mace, ya koma ya ɗauko wani ganye ya ɗora masa, mataccen ya tashi. Bokan ya ɗauki ganyen ya ɗora wa yaron. A wata ruwayar Asklepiyos ne da kansa aka kulle. Ko wanne ne dai, abin da labarin yake cewa shi ne maciji ya riga mutum sanin magani.

Asklepiyos da gidajen warkarwarsa

A waƙen Homa na yaƙin Taroya, Asklepiyos mutum ne kawai, gwanin likita, mahaifin likitoci biyu na rundunar Girkawa, Makawon da Podaliriyos. Daga baya ne aka mai da shi ɗan Apolo, aka ce Kairon, mai rabin jikin mutum rabin na doki, shi ya rene shi ya koya masa magani, har gwanintarsa ta kai ya fara tayar da matattu, sai Ziyus, sarkin allolinsu, ya kashe shi da tsawa don kada a rushe iyakar da ke tsakanin mutane da alloli. Bautarsa ta bunƙasa a ƙarni na 5 da na 4 kafin Miladiyya, ta shiga Atina a shekara ta 420, kuma aka gina masa ɗaruruwan wuraren ibada. Mafi shahara su ne na Epidauros, da na tsibirin Kos, da na Pargamon a Turkiyyar yau.

A nan nake so ki tsaya ki duba sosai, domin a ganina a nan amsar take. Mara lafiya yakan yi tafiyar kwanaki zuwa Epidauros. In ya isa sai ya yi wanka, ya ba da hadaya, da dare kuma a kai shi wani dogon zaure ya kwanta tare da sauran majinyata, a kashe fitilu, kowa yana fatan Asklepiyos ya zo masa a mafarki ya yi masa aiki ko ya faɗa masa magani. A cikin harabar akwai karnuka, akwai kuma macizai na gaske, marasa dafi, waɗanda suka saba da mutane suna yawo abinsu. Matafiyin nan Pausaniyas, wanda ya ziyarci wurin a ƙarni na 2 Miladiyya, ya ce launinsu ya karkata zuwa rawaya kuma ba sa cutar da kowa. Har yau akwai wani dogon maciji mara dafi a kudancin Turai da masana dabbobi suke kira da sunan Asklepiyos, wanda yakan kusan kai mita biyu, kuma gwanin hawan bishiya ne.

Da aka fara tonon wurin a 1881 ƙarƙashin jagorancin Panayotis Kabadiyas, an samo allunan dutse ɗauke da labaran warkarwa kusan 70. Ɗaya daga cikinsu ya ce wani mutum yana fama da mugun gyambo a ɗan yatsan ƙafa, ma'aikata suka fito da shi da rana suka zaunar da shi a kujera, barci ya kwashe shi, sai maciji ya fito daga zauren ya lashe yatsan ya koma. Da ya farka ya ga ya warke, sai ya ce shi a mafarki wani kyakkyawan saurayi ya gani yana shafa masa magani. Ki lura da yadda aka jera abin: masu kallo maciji suka gani, mai barci kuwa saurayi ya gani. Wato a wurinsu macijin ba kwatanci ba ne, shi ne jikin da abin bautar yake shiga ya yi aiki. Shi ya sa in za a buɗe sabon wurin bautarsa a wani gari, maciji ake ɗaukowa daga Epidauros. Haka Rumawa suka yi da annoba ta addabe su a shekara ta 293 kafin Miladiyya: suka aika jirgin ruwa, aka ce maciji ya shiga da kansa, da suka iso kogin Taiba ya sauka a wani ɗan tsibiri, a nan aka gina haikalin. Har yanzu ana ganin ragowar sassaƙen sanda da maciji a jikin dutsen tsibirin, kuma akwai asibiti a kansa tun ƙarni na 16 wanda yake aiki har yau.

A matsayina na likita, ba na karanta allunan nan a matsayin bayanan asibiti. Talla ce, masu kula da wurin suka rubuta ta. Babu shakka wasu sun sami sauƙi, domin hutu, da ruwa mai tsabta, da canjin abinci, da kyakkyawan fata suna yi wa jiki aiki, kuma cututtuka da yawa da kansu suke warkewa. Amma Pausaniyas ya ce ba a yarda kowa ya mutu ko ya haihu a cikin harabar ba, kuma duk gidan jinyar da yake fitar da wanda ya kusa cikawa waje, dole alƙalumansa su yi kyau. Su kansu mutanen da can sun san akwai 'yan damfara a harkar. Marubuci Lukiyanos ya tona asirin wani Iskandar na garin Abonotaikos, wanda ya ɓoye ɗan jaririn maciji a cikin ƙwan dinya, ya fito da shi a gaban jama'a ya ce Asklepiyos ne ya dawo, daga baya ya kawo ƙaton maciji mai ladabi ya haɗa masa kan ƙarya na ƙyalle, ya shekara da shekaru yana karɓar kuɗin mutane.

Likitocin Girka masu aiki da hankali, irin su Hipokratis na Kos, wanda littattafan Larabci suke kira Buƙrat, sun bi wata hanyar dabam. A cikin rubuce-rubucen da ake danganta masa har akwai wanda ya ce farfaɗiya cuta ce mai sababi a ƙwaƙwalwa, ba bugun alloli ba. Duk da haka ba su yi gaba da Asklepiyos ba, sun ɗauke shi a matsayin kakan sana'arsu, kuma tsohuwar rantsuwar likitoci da sunan Apolo da Asklepiyos da Higiya da Panakiya take farawa. Ta wannan hanyar ce sandar ta tashi daga haikali ta koma hannun likitoci.

Auna bayanan da ake bayarwa

Bayanin da ya fi yawo shi ne na saɓa: maciji yana tuɓe tsohuwar fata ya fito sabo fil, kamar mara lafiyar da ya tashi daga jinya. Wannan tsohon bayani ne, ba ƙirƙirar zamani ba. Mawaƙi Nikanda, wanda ya yi dogon waƙe a kan dabbobi masu dafi, ya kawo tatsuniyar cewa Ziyus ya ba mutane kyautar ƙuruciya, suka ɗora wa jaki saboda ƙyuya, ƙishirwa ta kama jakin, ya ba macijin da yake tsare rijiya kayan a bakin ruwan sha, tun daga nan maciji yake sabunta jikinsa mutum kuwa yake tsufa. Bayanin ya iso duniyar Musulmi ma. Ibn Abi Usaibi'a, wanda ya rasu a 1270, ya buɗe babi a kan Asklepiyos a littafinsa na tarihin likitoci, ya kawo sharhin da ake danganta wa Jalinus, shahararren likitan nan Bagirke na zamanin daular Rum, cewa maciji yana da kaifin gani da yawan farkawa, kuma yana saɓa, halayen da suka dace da likita. Na yarda wannan ma'anar ta taimaka wa alamar ta daɗe, amma a ganina fassara ce da masu ilimi suka yi wa abin da suka tarar ana yi. Macizan sun riga sharhin zuwa.

Bayani na biyu shi ne cewa dafi da makari daga tushe ɗaya suke. Wannan ma yana da asali, domin an ce Atena ta ba Asklepiyos jinin Medusa, na jijiyoyin hagu yana kisa, na dama yana ceto. Andoromakos, likitan sarkin Rum Nero, ya haɗa wani magani mai kayan haɗi fiye da 60 wanda ya sa wa naman maciji mai dafi, Jalinus ya riƙa haɗa wa sarki Markus Oriliyos irinsa, Larabawa suka gaje shi da sunan tiryaƙ, aka ci gaba da sayar da shi a Turai har likitan Ingila Wiliyam Hebaden ya rubuta a 1745 cewa ba shi da amfanin da ake faɗa. Abin mamaki, tunanin ya zo ya tabbata ta wata hanyar. Albat Kalmet ya samar da allurar makarin dafi a shekarun 1890 ta hanyar yi wa dabba allurar dafin kaɗan-kaɗan har jininta ya koyi yaƙarsa, kuma har yau da dawaki ko tumaki ake yin ta. Maganin hawan jini na captopril, wanda aka amince da shi a 1981, daga binciken dafin wani macijin Barazil ya samo asali. Na sha karɓar manomin da kububuwa ta sara a gona, dasashinsa yana zubar da jini: mukan ɗebi jininsa mu zuba a busasshiyar kwalbar gilashi mai tsabta, mu ajiye minti 20, mu karkata ta, in jinin ya kwarara kamar ruwa, mun san dafin ya cinye abin da yake sa jini daskarewa, sai a ɗaura makarin, bayan wasu sa'o'i a sake gwadawa a ga ya fara kamawa. Wannan dafin da yake hana jini daskarewa, daga na wata 'yar'uwar kububuwa aka kwaikwayi tirofiban, maganin da ake ba masu ciwon zuciya don hana gudan jini toshe jijiya. Amma duk wannan binciken na zamani ya zo bayan alamar da fiye da shekara dubu biyu, ba zai zama dalilinta ba.

Maganar ƙawarki ta kurkunu ita ce ta fi jan hankalin duk wanda ya taɓa ganin cutar, ni ma na gan ta a farkon aikina a karkara. Mutum ya sha ruwan kududdufi, bayan kamar shekara ƙafarsa ta yi bororo mai zafi kamar wuta, ya fashe, farin kan tsutsar ya leƙo. Sai a kama shi a naɗe a jikin tsinke, kullum a murɗa kaɗan, a ɗaure, gobe a sake, domin tsutsar takan kusan kai mita ɗaya, kuma in aka yi garaje ta tsinke a ciki ƙafar ta kumbura ta ruɓe. Aikin yakan ɗauki makonni. Najeriya ta taɓa ƙirga masu cutar fiye da 650,000 a ƙarshen shekarun 1980, kafin Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar a 2013 cewa ita da Nijar sun rabu da ita. Wanda ya ga tsutsa a naɗe a tsinke, in ya ga tambarin asibiti dole ya tuna. Matsalar ita ce hujja ba ta goyi bayan wannan ba. Kurkunu ba cutar ƙasar Girka ba ce, marubutansu sun ambace ta ne a matsayin abin al'ajabin da yake samun mutanen gaɓar Bahar Maliya. Sandar da ke gumakan Asklepiyos kuwa kakkaura ce, irin ta matafiyi, yana dogara da ita a ƙarƙashin hammata. Sannan babban gunkinsa na zinariya da hauren giwa a Epidauros, wanda Tirasimidis ya sassaƙa, yana zaune ne da sanda a hannu ɗaya, ɗaya hannun a saman kan maciji, kare yana kwance a gefe. Sanda dabam, maciji dabam. Daga baya masu sassaƙa suka saba haɗa su.

Game da Annabi Musa (AS), labari biyu ake cakuɗawa. A Alƙur'ani, kamar a suratu Ɗaha, sandar ce da kanta ta zama maciji, kuma mu'ujiza ce a gaban Fir'auna, ba maganar jinya ba. A Attaura kuwa, Littafin Ƙidaya sura ta 21, an ce ya ƙera macijin tagulla ya ɗora a kan sanda, wanda maciji ya sara in ya dube shi sai ya rayu. Wannan na biyun ya fi kusa, kuma mai yiwuwa ne ya sa Kiristocin Turai suka karɓi alamar Girkawa ba tare da ƙyama ba. Amma babu wani rubutun Girkawa da ya nuna sun aro ta daga Bani Isra'ila, kuma haɗa maciji da sanda ya girme su duka a yankin: a gidan tarihi na Luba a Faris akwai kofin dutse na sarki Gudeya na Lagash, a Iraƙin yau, na wajen shekara ta 2100 kafin Miladiyya, da macizai biyu a nannaɗe a jikin sanda.

Macizai biyu da fukafukai

Harmis ɗan aiken alloli ne, uban 'yan kasuwa da matafiya da ɓarayi, shi ne kuma mai raka rayukan matattu zuwa lahirarsu. Sandarsa alamar manzo ce, wanda ba a taɓawa ko a fagen yaƙi. Ta kusanci likitanci ne ta hannun masu buga littattafai, irin su Yohan Furoben na Basel a ƙarni na 16 da kamfanin Churchill na Landan a ƙarni na 19, waɗanda suka sa ta a matsayin tambarin kasuwancinsu a kan littattafan da suka haɗa da na magani. Abin da ya tabbatar da ruɗanin shi ne sashen likitoci na sojan Amurka ya ɗauke ta a 1902 ya sa a kakin jami'ansa. Masu kare matakin sun ce ana nufin ma'aikacin lafiya ba mayaƙi ba ne, kamar manzo, kuma hujjar ba ta rasa ma'ana ba. Daga can ta bazu zuwa asibitoci da kamfanoni, yanzu kuma duk mai zana tambari a kwamfuta ita yake fara cin karo da ita a intanet, ga ta da kyan fasali saboda ɓangarorinta biyu sun daidaita. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta zaɓi tambarinta a 1948, maciji ɗaya ta sa, haka ma shuɗin tauraron nan mai kusurwa shida na motocin ɗaukar marasa lafiya, wanda aka ƙirƙira a Amurka a shekarun 1970. In ƙungiyarku ta ɗalibai za ta buga riga ko bajo, mai maciji ɗaya ce ta sana'arku.

Maganar kawu

Kawunki bai yi kuskure a kan asali ba, kuma bai kamata a ɓoye masa ba: alamar ta fito ne daga bautar gumakan Girkawa. Abin da tarihi ya ƙara shi ne bautar Asklepiyos ta mutu tun wajen ƙarni na 5 Miladiyya, bayan Kiristanci ya mamaye daular Rum, kuma likitocin Musulmi da na Kirista da na Yahudu sun riƙe ilimin Buƙrat da Jalinus ɗaruruwan shekaru ba tare da sun riƙe allolinsu ba. Rantsuwar da likitoci suke yi yanzu ta ginu ne a kan Sanarwar Janeba ta 1948, babu sunan Apolo ko Asklepiyos a cikinta. Ban taɓa aiki da wanda yake neman waraka daga zanen ba. Shaidar sana'a ce, mai gaya wa direba ya ba da hanya, mai gaya wa baƙo ga inda ake sayar da magani. Hukuncin sanya ta a jiki ko a bango ta fuskar addini kuwa ba fagena ba ne, na malamai ne, kuma zai fi kyau ki kai musu tambayar tare da wannan tarihin domin su yi hukunci a kan abin da yake, ba a kan jita-jita ba. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta ba yana da zaɓi, domin masu harhaɗa magani da yawa turmi da taɓarya suke sawa, ma'aikatan agaji a ƙasashen Musulmi kuma suna amfani da jan jinjirin wata, wanda Daular Usmaniyya ta Turkiyya ta fara sawa a lokacin yaƙinta da Rasha na 1877 zuwa 1878, aka kuma amince da shi a yarjejeniyar Janeba ta 1929.